Bel ɗin injin niƙa ya kusa cinye min hannun yaro, wane irin murfi zan sa masa?

Mai_Inji_Kura:

Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar inji ku ba ni shawara don wlh tun ranar Talata hankalina bai dawo jikina ba.

Ina da ɗan gidan niƙa, inji biyu ne, ɗaya na gari mai shan gas irin ɗan Chainan nan mai silinda ɗaya, ɗayan kuma na markaɗe da na haɗa masa moton lantarki saboda in akwai wuta mu huta da sayen mai. Samari biyu ke min aiki, babban ya fi shekara huɗu a hannuna, ƙaramin ɗan yayata ne bai fi wata biyar da zuwa ba. To ranar Talata bayan la'asar layi ya yi tsawo kowa na so a sallame shi kafin magariba, sai wata robar awo ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin bel, shi kuma ɗan yayar tawa ya sunkuya zai ɗauko da jallabiya a jikinsa. Ni dai ƙarar yagewar yadi kawai na ji. Ina zaune a benci taku uku tsakanina da shi amma kafin in miƙe an gama komai, hannun rigar ya tsinke tun daga kafaɗa ya naɗe a jikin fuli, wato tayar da bel ke hawa, yana ta fat fat fat, yaro na zaune a ƙasa ya riƙe damtse ya kasa magana. Allah ne ya sa rigar ta sha wanki ta mutu, da sabuwar shadda ce ban san me zan je in faɗa wa uwarsa ba. Ƙujewa kawai ya samu.

Abin kunyar ma shi ne injin ya zo da ɗan murfi na rabin bel lokacin da na saye shi, yaran suka kwance wai yana hana su aiki, yanzu haka yana bayan shago kaji na cin dusa a ciki.

Na kira makaniken da ke min gyara na ce a rufe bel ɗin gaba ɗaya, ya ce in an rufe zafi zai riƙa taruwa bel ya riƙa saurin mutuwa, kuma duk sanda ya zame sai an kwance an ɗaura, ɓata lokaci ne. Shin gaskiyarsa ne? In da wanda ya taɓa yin murfin da ya zauna ba a cire shi ba ya faɗa min yadda aka yi shi.

Ɗan_Birni:

Allah ya kiyaye gaba Alhaji, ya ƙara tsarewa. Amma ni ina ganin kar ka wahalar da kanka, mahaifina ya yi sama da shekara ashirin yana juya tsohon injin Lister ba murfi ba komai kuma har ya bar sana'ar yatsunsa goma cif. Ka hana su sa manyan kaya kawai, singileti da gajeren wando, shi kenan. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Usta_Mai_Walda:

Wa alaikassalam Alhaji. Makanikenka ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. In ka sa aka naɗe bel da faifan ƙarfe ruf kamar akwati to eh zai yi zafi, ga ƙurar gari za ta taru a ciki ta zama dabe. Shi ya sa ba a yin sa haka. Firam ake yi da ƙarfen angul a bi siffar bel ɗin tun daga fulin moto har fulin inji, sai a lulluɓe da raga ta ƙarfe mai kauri, iska na shiga tana fita, kana kuma ganin bel ɗinka da ido ko ya saki ko ya fara tsagewa ba sai ka buɗe komai ba. Ba ragar kaji nake nufi ba fa, wannan yaro ya jingina da ita sau ɗaya ta lotsa ta taɓa bel, ka ga an koma gidan jiya.

Abu biyu ne nake ganin 'yan uwana masu walda na kuskurewa. Na farko sai su rufe gaba su bar baya da ƙasa a buɗe wai ai bango ne a wajen, alhali ta ƙasan ne ake miƙa hannu ɗauko abin da ya faɗi, kamar dai yadda ya faru da yaronka. Na biyu ramin raga. In yatsa na iya shiga to dole ragar ta yi nisa da bel yadda ko an zura yatsan gaba ɗaya ba zai kai ba. Raga mai ramin inci ɗaya a ba ta tazarar santimita 12 aƙalla, kusan inci biyar kenan. In wurin ya matse babu wannan filin sai a nemi mai ƙananan ramuka wadda ko ɗan ƙaramin yatsan yaro ba zai wuce ba.

Sannan maganar cirewa. Alhaji yaranka ba mugunta ce ta sa suka cire na farko ba, aiki ne ya tilasta su, kullum sai an zuba giris a boris, kullum bel na santsi sai an ja shi. Duk murfin da sai an kwance shi kafin a yi waɗannan to ranar farko za a mayar, rana ta biyu a ɗaura da noti ɗaya, rana ta uku yana wajen kaji. Don haka ka sa a fito da bakin giris waje da ɗan siririn bututu, mutum ya zuba daga waje. Gindin moto kuma a zaunar da shi a kan ƙarfe mai dogon rami da noti mai turawa, in bel ya saki sai a juya notin moto ya ja baya, ba ruwan kowa da taɓa bel. Wannan shi zai kashe ɗabi'ar nan ta goga wa bel kwalta yana gudu don ya kama, wadda ni a ganina ita ce ta fi kowace cin hannu. Murfin kansa a ɗaure shi da noti wanda sai da sifana, kar a yi masa sakata ko waya da kowa zai zare da hannu.

Kar ka manta da ƙatuwar tayar ƙarfen nan ta gefen injin gas, da kan sandar da ya leƙo waje daga tsakiyar fuli, har da kan notin da ke riƙe fulin. In inji na gudu ba ka ma ganin notin, sai ya zama kamar hayaƙi, amma shi ne ƙugiyar da ke fara kama riga.

Kuɗin duka bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba, kar mai walda ya tsorata ka.

Ma'aikacin_Sharaɗa:

Usta ya gama magana a kan murfi, ni ɗan ƙari zan yi don aikina kenan, ina kula da lantarkin injina a wani kamfani.

Malam Ɗan_Birni da girmamawa, tsohon Lister ɗin Baba mai ƙarfin doki shida zagaye 650 yake yi a minti, kana jin bugunsa ɗaya bayan ɗaya. Moton da Alhaji ya sa wa injin markaɗe in irin wanda aka saba ne yana yin wajen 1440 a minti, wato zagaye 24 kafin agogo ya ce ƙyas sau ɗaya, injinan gas na Chaina kuwa da yawansu sun haura 2000. Mu ɗauka fulin moton faɗinsa inci shida ne, bel ɗin na tafiyar mita 11 a daƙiƙa guda, kusan kilomita 40 a awa kenan. Mutum lafiyayye da hankalinsa a wurin yana buƙatar kamar kwatan daƙiƙa kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa hannu janye, a wannan ɗan lokacin bel ya ja kusan mita uku, hannun mutum kuwa ko mita ɗaya bai kai ba. Ka ga maganar a kula a yi hankali ba ta da wurin zama a nan, babu wanda ya isa ya riga shi. Ai Alhaji ya faɗa da bakinsa, taku uku ne amma ko miƙewa bai yi ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a labarinka Alhaji shi ne injin markaɗen nan na lantarki. Wane irin makunni ka sa masa? In irin mai hannun nan ne da ake ɗagawa sama a saukar ƙasa to kana zaune da abin da ya fi bel haɗari. Ana cikin markaɗe a ɗauke wuta, inji ya tsaya da kansa, ba wanda ya tuna ya sauke makunni tunda ai shiru ake ji, yaro ya ce bari in yi amfani da damar in wanke, ya buɗe ya zura hannu yana kwaso ƙullun da ya maƙale, sai a dawo da wuta. Ba sallama take yi ba. Na san wanda haka ta faru da shi a wani gidan markaɗe a unguwarmu, yatsu uku, kuma yaron ba sakarai ba ne, shi ne ma mai tsaftar cikinsu shi ya sa yake wankewa.

Maganinsa sitata mai kwantakta, mai maɓalli kore da ja. Yadda take aiki wutar ce da kanta ke riƙe da ita a kunne ta hanyar maganaɗisu, da an ɗauke wuta sai ta saki, ko an dawo da ita inji ba zai tashi ba har sai mutum ya zo ya danna koren da yatsansa. Duk mai sayar da kayan lantarki a Sabon Gari ya san ta, ka dai faɗa masa ƙarfin motonka don ya haɗa maka da abin da ke yanke wuta in moto ya yi nauyi, ka ga har ƙonewar moto ta rage maka. Jan maɓallin a kafa shi inda mai zuba kaya zai kai masa duka ba tare da ya tsallaka bel ba. Na sha shiga wurare in ga makunni yana can bayan inji, wato kafin ka kashe sai ka bi ta bakin kura.

Mu a wurin aiki ko da sitata ba a yarda mutum ya sa hannu cikin inji sai ya sauke babban makunni ya maƙala masa kwaɗo ya jefa ɗan makullin a aljihunsa. In mutum uku ne ke gyaran to kwaɗo uku, kowa da nasa. Farkon zuwana na ɗauka iyayi ne na Turawa, sai ranar da ina cikin wani inji na ji wani sabon ma'aikaci yana ta kiciniyar ɗaga makunni yana mita wai wa ya kulle. Kai ba sai ka sayi wani abu na musamman ba, kwaɗon shago ƙarami ya wadatar, ko ka cire fis ka riƙe a hannunka.

Na gas kuma a tuna ko an kashe shi tayar nan ba nan take take tsayawa ba, nauyinta na ci gaba da juya ta. A jira ta tsaya cak. Masu danna mata katako don ta yi saurin tsayawa su ma Allah ya shirye su.

Uwar_Biyu:

Sannu Alhaji, Allah ya tsare gaba. Ni ba injiniya ba ce amma ni ce mai kai niƙa, kuma duk maganar da kuke ta ma'aikata ce, mu fa? Malam Ɗan_Birni ya ce a sa singileti, to mu da 'ya'yanmu mata da hijabi har ƙasa muke zuwa, shi ma za mu cire ne a ƙofar shago? Gidan markaɗen layinmu ɗaki ne ɗan ƙuƙut, inda ake ajiye bokiti bai fi kamu biyu da bel ba, ga yara 'yan aike cike kowa na turereniya kar a tsallake nasa, ga ƙasa duk santsin ruwan ƙullu. Rannan ina tsaye na ga iskar bel ɗin tana kaɗa gefen hijabin wata yarinya tana jawo shi a hankali, ita ko tana can tana kallon ƙawarta, wlh fizgo ta na yi har ta yi fushi. Kuma hijabi a wuya yake, in ya naɗe ba hannu zai tafi da shi ba. Wadda ta yi kitso mai jela ita ma haka, har fatar kai yake ɗayewa.

Tun ranar na daina aiken 'yan biyuna, gara in jira babansu ya dawo ya kai a mashin.

Dan Allah bayan murfin ka yi ɗan gini ko kanta iya ƙugu tsakanin masu kawo niƙa da injinan, a miƙo daga waje a karɓa daga waje. Sannan ku samar wa yaran muciya ko guntun katako na tura kaya a bakin inji, yadda suke cusa yatsu suna danna tattasai ciki ni ko kallo ba na iyawa.

Ɗan_Birni:

Hajiya kin yi gaskiya, ban kawo mata da yara a lissafi ba. Na janye ta singileti. Kuma da na tuna, Baba yatsunsa goma amma yaron da ya yi masa aiki kafin a haife ni ɗan Dungu ake ce masa, ban taɓa tambayar dalili ba sai yau da nake karanta bayanin malamin Sharaɗa.

Nas_Mai_Dare:

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da za a yi in Allah ya kawo tsautsayin, don yadda ake kawo mana su yana ƙona min rai. A fara kashe inji, kar a tsaya jan mutum ana ja-in-ja da ƙarfe. A samu ƙyalle mai tsafta a danne ciwon da ƙarfi a ɗaga hannun sama, kar a riƙa buɗewa ana leƙawa. Kar a zuba baƙin mai ko fetur ko ƙasa ko garin da ke wurin, duk sai mun kankare su kafin a yi komai kuma mai ciwon ne ke shan azabar. In yatsa ya fita a ɗauko shi, a naɗe a ƙyalle mai tsafta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kar a ɗora naman kai tsaye a kan ƙanƙara kuma kar a tsoma shi a ruwa tsirara. Ba kullum ake iya mayarwa ba musamman in inji ya murƙushe shi, amma likita ne zai yanke wannan hukuncin ba 'yan kallo ba. A wuce asibiti nan take, ku na Kano ga asibitin ƙashi na Dala, kar a kwana wajen mai ɗori sai hannu ya yi baƙi a kawo shi.

Shi ma ɗan yayarka Alhaji a duba ko ya yi allurar tetanus, ƙujewar ƙarfe ba a raina ta. Kuma kar wani ya ce zai saya musu safar hannu don kariya, kusa da abin da ke juyawa safar hannu ita ce ke jawo hannun ciki.

Ɗan_Ƙwadago:

Mutane na ɗauka wannan duk ganin dama ne, alhali akwai doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace tayar inji da bel da fuli da sandar da ke juyawa da duk wani sashe mai haɗari, kuma killacewar ta kasance a wurinta muddin injin na motsi. Ba sai kamfani mai ma'aikata ɗari ba, yadda ta fassara masana'anta ko mutum ɗaya ka ɗauka yana sarrafa kaya don kasuwanci ka shiga ciki. Ta kuma ce in hatsari ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago. Sai dai tarar da ke cikinta kuɗin wancan zamanin ne, yau abin dariya ce, shi ya sa ba ta tsorata kowa. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da asusunta, mai aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cira daga kuɗin ma'aikaci, in ya ji rauni a bakin aiki daga nan ake ɗaukar magani da diyya.

Ingila tun 1844 suka sa dokar killace injina a masaƙunsu bayan sun gaji da ganin yara da mata na naɗewa a jikin sanda. A 1963 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fitar da yarjejeniyar da ta hana ma sayar da inji ko ba da hayarsa in sassansa masu haɗari a buɗe suke. Nan ne nake ganin gyaranmu yake, wajen masu ƙera injin markaɗe da na casa da na sussukar masara, tsirara suke sayar da su don in sun ƙara murfi kuɗi ya hau mai saye ya wuce shagon gaba.

Usta_Mai_Walda:

Ɗan_Ƙwadago ka taɓo mu kuma ba zan musa ba, ni kaina na ƙera da yawa haka. In ka ce wa mutum ga na murfi ga marar murfi, tara cikin goman da suka zo wurina marar murfin suke ɗauka, har wani ya ce min shi inji ya zo saye ba keji ba.

Kuma tunda ana tonon silili, giranda uku ne a shagona duk ba mai murfi, mun cire don mu riƙa ɗaura babban faifai a ƙaramar. Ƙaramar tana zagaye wajen 11,000 a minti, babban faifan kuma an yi shi ne don 6,600, a rubuce yake a jikinsa muna gani. Tabon da ke haɓata faifai ne ya tarwatse. Yau da na gama rubuta wa Alhaji wancan dogon bayanin sai da na ji kunya na sa yara suka zazzage akwatin tarkace, mun samo murfi biyu, na ukun har yanzu ana nema.

Mai_Inji_Kura:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Malamin Sharaɗa wlh kamar ka shigo shagon, makunnin irin mai hannun ne kuma a bayan inji yake, kuma babban yaron ya ce min ai kullum in an ɗauke wuta lokacin yake wanki. Jikina sai da ya yi sanyi. Daga yau na cire fis ɗin yana aljihuna, markaɗe ya tsaya har sai an sa sitata, jibi in sha Allah zan shiga Sabon Gari. Mai walda ya zo ya auna da safe, na karanta masa bayanin Usta, ya ɗan yi gardama a kan rufe ƙasan wai asarar raga ce na ce a rufe. Hajiya kantar ma za a yi, bulo talatin na saura daga gini. Yaron an yi masa allura, uwarsa dai har yanzu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Usta tambaya ɗaya ta rage, gefen da ake sa hannun tayar da injin gas ɗin fa, in an rufe tayar gaba ɗaya ta ina za a zura shi? Ɗan rami za a bari ko ƙofa za a yi masa?